Yadda Ake Zaɓen Karanshaf Ga Injin Da Za A Ƙara Wa Ƙarfi

Kafin ka tambayi kuɗin karanshaf, wato sandar cikin inji da ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyi, rubuta abu uku a takarda: juyi nawa injin zai kai a minti ɗaya, ƙarfin doki nawa kake nema, sannan tsawon wane lokaci zai riƙa ɗauka yana aiki a can sama. Yawancin masu haɗa inji na biyun kaɗai suke riƙewa, alhali na farkon ne ya fi karya ƙarfe. Nauyin da fistin da kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) ke fizgar karanshaf da shi ba ya ƙaruwa daidai da juyi, ninkuwa yake yi. Idan ka ɗaga iyakar inji daga juyi 6,000 zuwa 8,000, juyin ya ƙaru da kashi 33 cikin ɗari, amma fizgar ta ƙaru da kusan kashi 78. Saboda haka inji mai turbo da ke ba da doki 500 a juyi 6,000 yana iya zama ya fi sauƙi ga karanshaf a kan wanda ba turbo, mai doki 300, da ake ja har 9,000. Haka kuma motar da ke tseren daƙiƙa 12 a miƙaƙƙen titi ba ɗaya take da wadda ake zamiya da ita ba, inda inji ke kwana a kan jan layi, wato iyakar juyinsa, ana kuma dukan kuloci a kai a kai.

Zubi, ƙira, ko sassaƙa

Hanya uku ake yin karanshaf. Na zubi, narka ƙarfe ake yi a zuba a mazubi. Shi ne mai araha, shi ne kuma a cikin yawancin motocin gida. Mai kyansa, wanda aka yi da baƙin ƙarfe mai ɗan sauƙin lanƙwasa, yana aiki lafiya a ƙaramin V8, wato inji mai silinda 8 a jeri biyu, har wajen doki 400 zuwa 450, muddin ba a wuce juyi 6,000 ko 6,500 ba. Aibinsa shi ne ba ya gargaɗi: bai cika lanƙwashewa ba, tsagewa yake yi ya rabu biyu.

Na ƙira, gasa ƙarfen ake yi a danne shi da babban inji har ya ɗauki siffa, don haka jijiyar ƙarfen tana bin lanƙwasar karanshaf ɗin ba tare da an yanke ta ba. A nan lambar ƙarfen ita ce magana. Ƙarfe 5140 shi ne matakin farko, 4130 ya ɗara shi kaɗan, 4340 kuwa shi ne abin da masu tsere suka fi amfani da shi, domin yana ɗauke da nikel kusan kashi 1.8 cikin ɗari tare da kuromiyam da molibdinam, kuma idan aka gasa shi yadda ya kamata ƙarfinsa kan fi na zubi nesa ba kusa ba. Sai dai rubuta 4340 a jikin kwali ba shi ne inganci ba. Gashi da aunawa su ne ke raba na kamfanin kirki da na jabu, kuma akwai masu arha da za ka auna ka tarar wuya ɗaya, wato zagayayyen wuri mai santsi da karanshaf ke juyawa a kai ko kwanrod ke kamawa, ya fi ɗan'uwansa kauri.

Na sassaƙa, wanda ake kira bilet, daga dunƙulen ƙarfe guda ake fere shi. Amfaninsa shi ne za a yi maka kowane tsawon tafiyar fistin da kowane kaurin wuya kake so. Kuɗinsa kan ninka na ƙira, kuma ga motar da za ta hau titi, da wuya a ce ana buƙatarsa.

Ga abin da mutane ke mantawa: injuna da yawa sun zo daga kamfani da karanshaf na ƙira. Toyota 2JZ, Mitsubishi 4G63, Nissan RB26 da BMW M52B28 duk haka suke. An sha ganin karanshaf ɗin 2JZ na asali yana ɗaukar doki 800 zuwa sama, kuma wanda ke cikin 2JZ-GE na Lexus GS300 da IS300 iri ɗaya ne da na mai turbo. Wanda ke da irin wannan inji, in ba tsawon tafiya zai canza ba, gara ya kai kuɗinsa ga kwanrod, kusoshinsu, fistin da famfon mai, domin su za su riga karanshaf sarewa.

Bambance na zubi da na ƙira ba wuya. Dubi layin haɗi da ya ratsa jikinsa: a na zubi siriri ne kamar zare, a na ƙira kuwa faffaɗa ne, ya kan kai faɗin yatsa, da alamar an goge shi. Ka rataye shi ka ɗan buga da sufana a jikin kumatun nauyi, wato faffaɗan ƙarafan da ke gefen wuyoyi, ba a kan wuya ba. Na ƙira zai yi amo mai tsawo, na zubi zai yi gajeriyar ƙara.

Tsawon tafiya: a nan ake cin riba, a nan ake faɗuwa

Karanshaf shi ke yanke tsawon tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa. Girman inji kuwa lissafinsa shi ne faɗin silinda sau kansa, sau 0.7854, sau tafiya, sau yawan silinda; in da milimita ka auna, raba da 1,000 ka samu cc. Injin 2JZ yana da faɗi milimita 86 da tafiya milimita 86, ya ba da cc 2,997. Sa masa karanshaf mai milimita 94 ka buɗe silinda zuwa 87, zai kai wajen cc 3,350. Irin wannan ne ake yi wa 4G63, a ɗauko karanshaf ɗin 4G64 mai milimita 100 a maye gurbin na 88 ya zama lita 2.3, da kuma Chevrolet 350 da ke komawa 383 idan tafiya ta tashi daga inci 3.48 zuwa 3.75 aka kuma ɗan buɗe silinda. Ribar a fili take: ƙarfin murɗawa tun daga ƙasa, turbo kuma ya cika da wuri.

Amma kowace milimita da kuɗinta. Na farko gudun fistin. Ninka tafiya sau biyu, a ma'aunin mita, ka ninka da juyi, ka raba da 60. Tafiyar milimita 86 a juyi 8,000 tana ba da mita 22.9 a daƙiƙa. Ta 94 tana ba da 25.1. Ta Honda K24, mai milimita 99, tana kai 26.4. Injin da ake so ya daɗe a titi, a riƙe shi kusa da 20 zuwa 22. Daga 25 zuwa sama an shiga fagen da ake kwance inji a duba shi lokaci-lokaci. Ma'ana, wanda ya tsawaita tafiya ya shirya sauke iyakar juyinsa.

Na biyu, ƙarfin karanshaf ɗin kansa yana raguwa. Babban wuya, wanda ke zaune a bulok, da wuyan kwanrod suna da wurin da suka hau juna, kuma wannan haɗuwar ita ce ƙashin bayan karanshaf. Haɗa kaurin wuyoyin biyu, cire tafiya, raba biyu. A 2JZ babban wuya milimita 62 ne, na kwanrod 52. Da tafiyar 86 haɗuwar milimita 14 ce, da 94 ta koma 10. An zaftare kusan kashi 30 cikin ɗari a daidai wurin da ake buƙatar nama. Wannan ne dalilin da ya sa doguwar tafiya da ƙarfe mai arha ba sa zama inuwa ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa dabarar yanke wuyan kwanrod a karkace don a samu ƙarin tafiya take da iyaka, tunda wuyan sirancewa yake yi.

Na uku, fistin. Ƙarin milimita 8 a tafiya yana nufin fistin zai ƙara hawa milimita 4, ya ƙara sauka milimita 4. Idan ka bar tsohon fistin da tsohon kwanrod, kan fistin zai leƙo sama da bulok ya daki kan silinda. Dole a rage wannan 4 ɗin, ko dai ta fistin da aka matsar da ramin fil ɗinsa sama, ko ta gajeren kwanrod. Na farkon ya fi, domin gajeren kwanrod yana ƙara kwanciya, ya riƙa tura fistin jikin silinda. Raba tsawon kwanrod da tafiya ka ga inda kake: 2JZ da kwanrod mai milimita 142 yana kan 1.65, da tafiyar 94 ya sauko 1.51. Honda B16A da aka sani da son juyi yana kan 1.74. Ƙasa da 1.5 ana iya rayuwa da shi, amma ba a injin da za a riƙa ja sama ba.

Matsi, wato yawan matse iska da fetur da fistin ke yi a silinda, shi ma yana tashi ba tare da ka taɓa komai ba. 2JZ-GTE, wato 2JZ mai turbo, yana da 8.5 bisa 1. Idan sararin ƙonewa bai canza ba, tafiyar 94 za ta kai shi wajen 9.2. Ga mai turbo da ke shan fetur ɗin gidan mai na yau da kullum, a zafin watan Afrilu, wannan bambancin ya isa ya jawo ƙwanƙwasar wuta, wadda ke daka metal ɗin kwanrod, wato siririn zoben da ke tsakanin kwanrod da wuya, har ya baje. Sau da yawa idan aka ce karanshaf ya ci metal, laifin daga nan ya faro.

Sannan a gwada shi a cikin bulok tun kafin wankin ƙarshe. Ɗaura karanshaf da kwanrod da fistin, ka juya da hannu a hankali. Duba inda kan kusar kwanrod ke wucewa kusa da gindin silinda da bakin kaskon mai, inda kumatun nauyi ke wucewa ƙarƙashin fistin, da kuma 'yan bututun da ke fesa wa fistin mai. Ko'ina a samu tazarar aƙalla milimita 1.5, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi yana gudu. Inda bai kai ba sai a goge bulok, da kaɗan-kaɗan, saboda bayan wannan naman akwai hanyar ruwa ko ta mai.

Gindin wuya da taurin fata

Karanshaf bai cika karyewa a tsakiyar wuya ba. Kusan kullum daga kwanar da wuya ya haɗu da kumatu tsagar ke farawa, ko daga bakin ramin mai. Shi ya sa kamfanoni ke danne wannan kwana da ƙarfi a na zubi, masu yin na tsere kuma suke barin lanƙwasa mai faɗi, sau da yawa milimita 3.2. Wannan lanƙwasa tana da sharaɗi: metal na yau da kullum zai hau kanta ya ciji gefe. Sai an sa metal mai siririn faɗi ko wanda aka fere wa baki, kuma gefen kwanrod mai feriya ya fuskanci kumatu. In aka yi kuskure a nan, injin zai yi nauyin juyawa da hannu, in kuma aka tayar da shi haka, gefen metal zai goge cikin mintuna.

Fatar wuya kuwa taurara ta ake yi. Wadda aka yi da naitirojin tana da tauri sosai amma ba zurfi, ba ta cika wuce rabin milimita ba, mafi taurin ma yana can sama-sama. Wadda aka yi da wutar lantarki ta fi nutsewa, ta kan wuce milimita ɗaya. Wannan yana da muhimmanci ga mai niyyar kai karanshaf yanka. Yankan milimita 0.25 a kan fatar naitirojin yana cin mafi kyawunta, yankan 0.50 kuwa kusan ya tafi da ita, sai an sake taurarawa. Kuma ka tsaya a kan mai yankan ya gyara bakin dutsensa daidai da lanƙwasar kwana. Dutse mai kaifin baki yana barin kusurwa a gindin wuya, kuma wannan kusurwar ita ce mafarin karaya, ko da wuyan ya fito yana sheƙi.

Ramukan mai: ga inji mai yawan juyi, rami ɗaya miƙaƙƙe daga babban wuya zuwa wuyan kwanrod ya fi wanda aka huda ta ɓangare biyu. A goge bakin kowane rami ya zama ba kaifi.

Daidaita nauyi da damfa

Giram 10 da ya yi yawa a nisan milimita 75 daga tsakiya, a juyi 7,000, yana jan karanshaf da ƙarfin da ya kai kilo 41, kuma yana zagayawa da wannan jan fiye da sau 100 a daƙiƙa. Don haka sabon karanshaf ba ya nufin an gama. A inji mai silinda 4 ko 6 a jere, ana daidaita karanshaf shi kaɗai, sannan a auna fistin da kwanrod su zo ɗaya, bambanci kada ya wuce giram 1. A V8 sai an ɗaura wa kowane wuya nauyin gwaji: dukkan nauyin abin da ke juyawa, wato gindin kwanrod da metal, da rabin nauyin abin da ke hawa da sauka, wato fistin, fil, ringi da kan kwanrod. Saboda haka a V8 ba a kai karanshaf awo sai fistin da kwanrod sun iso hannu. Idan kayan sun fi abin da kumatu za su iya ɗauka nauyi, sai an huda an cusa ƙarfen tangistin, aikin da ke da tsada. Tambayi mai sayarwa nauyin da aka yi karanshaf ɗin dominsa kafin ka biya.

Ka kuma san ko duk daidaiton yana cikin inji ne, ko wani sashe yana jikin fulawil, wato babban faifan bayan inji da kuloci ke kamawa, da damfa. Chevrolet 400 na waje ne, 350 na da can na ciki ne. Ford 302 ya canza nauyinsa na waje daga oza 28 zuwa 50 a farkon shekarun 1980. Haɗa fulawil na wannan da karanshaf na wancan yana sa inji rawa har ya cinye manyan metal.

Damfa, wato fulin gaba mai roba ko ruwa a ciki, ba ado ba ce. Duk bugun wuta yana murɗa karanshaf ya sake shi, kuma akwai juyin da wannan murɗawa ke haɗuwa ta yi yawa. Dogon karanshaf na silinda 6 a jere ya fi kowa fama da wannan. Masu sa karanshaf ɗin BMW M54B30, mai milimita 89.6, a bulok ɗin M50 ko M52 sun san shi: idan aka riƙe shi can wajen juyi 7,000, girgizar tana kwance notin famfon mai, mai ya ɗauke, inji ya buga. Maganin shi ne damfa mai kyau, a ɗaure notin da waya ko a kulle shi, a kuma rage iyakar juyi. Ga mai zamiya da motar BMW E36, karanshaf ɗin M52B28 mai milimita 84 ya fi kwanciyar hankali a sama, ko da ya rasa 'yan cc. Cire damfa a sa fulin alminiyam marar roba don a rage nauyi kuwa, kada a fara. Rage nauyin a fulawil.

Ƙananan abubuwan da ke hana shi shiga

Ƙirga ramukan fulawil: 4G63 yana da mai kusa 6 da mai kusa 7, kuma ba sa musanya. Ƙirga haƙoran da na'urar karanta juyi ke bi: injunan LS na General Motors suna da mai 24 da mai 58, in bai dace da kwamfutar motar ba inji ba zai tashi ba. Chevrolet ya koma oyal-sil na baya guda ɗaya a 1986, karanshaf ɗin kafin nan bai dace kai tsaye ba. RB26 na farko-farko a motar Nissan Skyline R32 yana da gajeren wurin da ke juya famfon mai, wanda ke fasa giyar famfon, sai an sa masa zobe mai faɗi. Duba kuma ko bayansa yana da mazaunin boris ɗin sandar giya idan motar ta hannu ce.

Idan na hannu za ka saya

A Ladipo, Panteka, Ƙofar Ruwa ko Apo, karanshaf na asali da ba a taɓa yankawa ba ya fi sabo marar suna. Tafi da maikuromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe. Auna kowane wuya a wuri biyu a tsawonsa, kowanne ta fuska biyu. Littafin kamfani kan yarda da bambancin milimita 0.02, amma ga injin ƙarfi nemi 0.01 ko ƙasa. Ɗora shi a kan wuyan farko da na ƙarshe, sa agogon awo a na tsakiya ka juya: in ya wuce 0.05 ya lanƙwashe. Wuyan da ya yi shuɗi ko baƙi ya sha wuta, taurinsa ya tafi, bar shi. Wanda aka cike da walda aka sake yankawa, shi ma bar shi, ko nawa aka rage maka. Shafa farce a fuskar da ke tare turin kuloci da inda oyal-sil ke zama, kada ka ji rami.

Tsaga ba ta ganuwa da ido. Gwajin maganaɗisu shi ne na gaskiya, sai na jan fenti mai shiga tsaga. Inda babu su, tsohuwar dabara tana taimakawa: jiƙa shi da kananzir, goge shi ya bushe sarai, barbaɗa garin alli a kwanoni da bakin ramuka, ɗan buga shi ka jira. Inda akwai tsaga, kananzir zai fito ya zana layi a allin. Ba ta kama ƙananan tsagu duka, amma abin da ta nuna gaskiya ne.

Tazarar mai da ɗauri

Ƙa'idar masu haɗa injin tsere ita ce milimita 0.01 ga kowace milimita 10 ta kaurin wuya. Wuyan 52 yana son wajen 0.05, na 62 wajen 0.06. Wannan ya ɗan fi na kamfani buɗewa, da gangan, domin karanshaf da bulok suna motsi idan ƙarfi ya yi yawa, amma yana buƙatar man inji mai ɗan kauri da famfo lafiyayye. Ɗaure metal a mazauninsa da ainihin kusoshin da za ka yi aiki da su, a ainihin ƙarfin ɗaurinsu, ka auna ramin da agogon awo na ciki, ka cire kaurin wuya. Zaren Plastigage, wanda ake matsewa tsakanin wuya da metal don a ga tazara, na tabbatarwa ne kawai. Idan ka canza kusoshin manyan mazaunai zuwa masu ƙarfi irin na kamfanin ARP, sake auna zagayen ramukan, domin ƙarin ɗauri yana iya matse su su daina zama da'ira.

Wasan gaba da baya na karanshaf ya zauna tsakanin milimita 0.10 da 0.20. Kafin ka ƙarasa ɗaure mazaunin da ke riƙe wannan wasa, tura karanshaf baya sannan gaba don fuskokin su jeru. Kuloci mai tauri sosai yana cin wannan wuri, musamman lokacin tayar da inji da ƙafa a kan kuloci kafin mai ya zagaya.

Wanki shi ne na ƙarshe, kuma sabo ma sai an wanke shi. Bi kowane ramin mai da siririn buroshi da ruwan sabulu mai zafi har farin ƙyalle ya fito fes, busa da iska, shafa mai nan take don kada ya yi tsatsa. A lokacin hunturu, ƙurar da ke sauka cikin awa ɗaya ta isa ta karce metal, don haka a haɗa shi a ɗaki rufaffe, in an tashi kuma a lulluɓe bulok da leda. Yayin ɗauri, juya karanshaf da hannu bayan kowane mazauni. Ba tare da fistin ba, ya kamata ya juya da hannu ɗaya ba tare da ya cije a ko'ina ba. In ya yi tauri bayan wani mazauni, tsaya nan, kwance shi ka sake awo.